Tururuwata da Irin Maiwar Surukata

Ni dai da furfurata, bayan na yi ritaya daga koyarwa, na je gonata ta Dayi na haƙo tururuwa har da uwarsu, na zuba a babbar kwalba. Wai kiwo nake yi. Na shafe bakin kwalbar da basilin yadda na gani a waya, na kai ta sito, na bar ta a buɗe su sha iska.

Matata Saratu ta ce, "Baban Ladi, a sito za ka ajiye ɓarayin hatsi?"

Na ce, "Kimiyya fa na koyar. Ko ɗaya ba za ta haura ba."

Na manta da zafin bazara. Basilin ya narke ya tsiyaye, bakin kwalba ya zama titi.

A siton kuwa akwai ƙwaryar irin maiwa na surukata, wanda ta gada wurin mahaifiyarta, ba a samun irinsa a kasuwa. Ajiya ta ba mu saboda ɓeraye. Ranar da ruwan shuka ya sauka ta zo karɓa, muka ɗaga faifai, ƙwarya wayam. Kwalbar ma wayam, tururuwan sun tare ƙarƙashin daɓe da kayansu.

Na wuni ina fasa daɓe da diga. Abin da na ceto bai cika tafin hannu ba.

Surukata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce wa ɗiyarta Saratu, "Ki yi masa sannu da kiwo."

Shekara uku ke nan. Duk kaka sai ta aiko da ƙullin hatsi, wai a ba dabbobin Malam kada su rame.