Ramukan Karanshaf

Wani ne a nan garinmu na jihar Indiyana, surukinsa Baba Orval kullum kallon sakarai yake yi masa. Ana nan sai injin tsohuwar akori-kurar Baba Orval ya buga, ita da ta shekara talatin tana jan jerin gwanon bikin manoma. Gogan naka ya ga ranar wanke kansa ta zo.

"Baba, bar min injin nan. Ranar Asabar kai ne a gaba."

"Kai da ko taya ba ka iya canzawa?"

"Ka dai zuba ido."

Ya kwance injin, ya kai karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, wurin Delbert makanike a daidaita nauyinsa. Daidaitawar kuwa ramuka ake hudawa a jikin ƙarfen, a rage inda ya yi nauyi. Da ya je ɗauka ya ga ramuka, sai ya riƙe baki.

"Delbert, lafiyayyen ƙarfe na kawo maka, ka mayar min da shi rariya?"

"Haka ake yi, kada ka taɓa. Kuma sandunan nan da ake ɗaurawa a jikin karanshaf, kowane kwanrod da murfinsa, ga lamba nan na buga musu. Kar ka haɗa na wani da na wani."

"Na ji."

Ina ya ji! Yana isa gida ya jawo walda ya cike ramukan tas. Ya hango wasu ƙanana, na wucewar baƙin mai. "Ashe ta nan man ke tsiyayewa!" Su ma ya toshe. Lambobin kuwa ya ce sun ɓata kyan ƙarfe, ya goge su ƙal, ya zube kwanrod takwas da murafunsu a bokiti guda, wanda hannu ya kai ya ɗaura.

Ranar Asabar Baba Orval ya ci ado ya hau, jama'a na tafi. Ya murza makulli. Motar ta kama rawa, hularsa ta faɗi, haƙoran robarsa suka bi ta. Sai ji aka yi gwaram! Kwanrod ya fasa gefen inji, ya tashi sama, ya dira cikin ƙatuwar kabewar da ta ci gasar bikin.

Baba Orval ya sauko, baki ba haƙori. "Kai! Me ka yi wa injina?"

Gogan ya ɗaga bonet, ya zura hannu cikin wurin da ya fashe har gwiwa, ya girgiza kai.

"Ka gani ko, Baba? Delbert mugu ne. Ga wani ramin da ya ɓoye mana!"