Na rubuta ne don kada ya ji

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba, ƙarfe goma da kwata na safe, a buro, wato ofishin daraktar rediyonmu a Dakoro. Mu huɗu ne: darakta Hajiya Rabi, Sani mai kula da na'urori, ni da suke kira Shef, sai Haruna, makahon da ke gwajin wata guda kafin a yanke ko za a ɗauke shi aiki. Ranar ce za a yanke, kuma ni na nemi a yi zaman.

An ba Haruna sanarwar cigiya: raƙumin da ya ɓace wajen Korahane, awaki bakwai daga Ɗan Gulbi, da sauransu. Sani yakan tura masa rubutun a waya, shi kuma ya sa abin sauraro a kunne ɗaya, ya buɗe baki, ba tuntuɓe ko guda. Ni da na shekara goma sha wani abu ina wannan aiki da idanu biyu da tabarau, nakan yi tuntuɓe. Daga nan zargi ya fara (a lokacin na kira shi bincike).

Sati uku ina lura. Fuskar wayarsa baƙi ƙirin take, kamar a kashe. Amma yatsansa bai hutawa: ya shafa dama, ya shafa hagu, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Na kammala cewa shafe-shafen burga ce, wani ne a waje ke karanta masa ta kunne. Har na fara hararar mai shayin bakin ƙofa.

A gurup ɗinmu na ma'aikata kowa murya yake turawa. Ranar Litinin ni kaɗai na zauna na rubuta da hannu, ina jin kaina mai wayo, tunda Haruna na ciki.

To, a zaman na jera hujjojina ɗaya bayan ɗaya, da muryar labarun duniya. Hajiya ta ce, "Haruna, mi za ka ce?"

"Gaskiya Shef ya faɗi, Hajiya. Akwai mai raɗa mani. Mace ce ma."

Na gyara zama.

Ya zare abin kunnen, ya shafi wayar. Sai ga muryar wata Bafaransa tana zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ya rage mata gudu, ya yi mana bayani: shafa dama, ta faɗi abin da ke gaba, taɓa sau ɗaya, ta faɗi sunan abu, sau biyu, ta buɗe shi. Fuskar kuwa shi ya duhunta ta. "Hasken wa zai amfana? Batir kawai yake ci."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na ce, "Miƙo in gani da kaina."

"Ga ta, Shef. Amma a hankali, ba ta san hannunka ba."

Na danna, ta yi magana, ba ta buɗe komai ba. Na ƙara dannawa da ƙarfi. Na shafa nan, na shafa can. Sai na ji ta ambaci cikakken sunana, ta faɗi ranar Litinin da ƙarfe tara da minti shida, sannan ta shiga karanta Hausa da karin harshen Faransanci, tana taune kowace kalma amma ba ta zubar da ko ɗaya ba:

"Jama'a, ku sa ido kan makahon nan, wani ke ba shi amsa. Na rubuta ne don kada ya ji."

Na danna don ta yi shiru. Ta maimaita. Na kife ta a kan tebur, ta ci gaba daga ƙasa. Sani ya tura kansa cikin hula, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta dubi silin kamar yau ta fara ganinsa.

"Yatsu biyu, Shef," in ji Haruna. "Taɓa da yatsu biyu, za ta ƙyale ka."

Na taɓa. Ta ƙyale ni.

Na tambaye shi (ban san muryata na iya yin ƙasa haka ba) tun yaushe ya sani.

"Tun tara da minti bakwai. Na so in ba ka amsa, sai na ce kada in rubuta, wataƙila ba ka ɗauko tabarau ba."

A kwana biyun nan kullum sai ya gaishe ni har da tambayar iyali, ni ina amsawa da ƙyar, ina kallon yatsunsa.

Na ba shi haƙuri a gaban su biyun. Abin da na koya bai da yawa: sati uku na yi ina kallon wayar mutum, ban taɓa cewa "Haruna, yaya take aiki?" ba. Tambayar ba ta kai daƙiƙa biyar ba.

An ɗauke shi aiki a ranar. Sanarwar maraba da sabon ma'aikaci ni Hajiya ta ba in karanta a labarun azahar, kuma na yi tuntuɓe sau biyu.