Ranar da Baturiyar Faifai Ta Samu Aiki a Challawa

"Kaf Challawa babu wanda ya san Bajamushe kamar ni," in ji Ya'u Jamus. "Ko tari suka yi, ina fassarawa."

Ka san Ya'u kuwa? Na bar gari yana gadin sito a wata masana'antar jima, na gama yawon duniyata na dawo, yana nan a siton, tumbi kawai ya ƙaru. Iyakar tafiyarsa Zariya. Abin da ya haɗa shi da Jamus wani tsohon faifan garmaho ne na opera, wato wasan da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Wani injiniya ne ya manta shi a ofis.

Sai kujerar foman ta faɗi babu kowa, ga kuma Bajamushe zai zo duba fatu. Gogan naka ya ce kujera tasa ce.

"Ranka ya daɗe, ku bar min baƙon," ya ce wa manaja, Alhaji Inuwa. "Da waƙar gidansu za mu tarbe shi."

"Ka taɓa sauraren faifan?"

"Haba Alhaji! Na haddace shi."

Ko garmahon ma ranar ya aro.

Baƙo na shigowa, Ya'u ya jona faifan da lasifikar kamfani, ya ƙure murya. Goge ya fara a hankali, Ya'u na gyaɗa kai kamar shi ya tsara. Can sai wata mata a cikin faifan ta callara ƙara.

To, a masana'anta irin wannan ƙara ma'anarta ɗaya ce: inji ya kama hannun wani. Isyaku mai kula da inji ya danna jan maɓalli, komai ya tsaya cak.

"Innalillahi! Wa ya kama?"

"Muryar mace ce! Talatu mai abinci ce!"

"Ga ni nan, ɗan nema!" in ji Talatu, tana gudu da ludayi a hannu.

Matar ta ƙara ɗaga murya. Wani ya ce gobara. Ma'aikata suka kwasa waje, suka sunkuci Bature kamar buhun gishiri, takalminsa ɗaya ya faɗa ramin jiƙa fata.

Ya'u na binsu yana ihu: "Ku tsaya, jahilai! Soyayya take yi!"

A bakin get Alhaji Inuwa ya dubi jama'arsa, babu ko mutum ɗaya da ya rage ciki.

"Jiniyar gobararmu ba ta taɓa fito da mutane haka ba," ya ce. "Ya'u, kawo faifan nan."

Isyaku aka ba foman. Matar faifan aka ɗauka aikin jiniya. Ya'u kuwa an sallame shi, yana Dakata yana lodin tirela, yana gaya wa direbobi cewa shi ya samar mata aikin.