Gaisuwar Suruki da Gurguwar Gwiwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mutumin inshora ya zo gidana a unguwar Banikanni ba. Lokacin ƙasar nan tana amsa sunan Dahomey, ni kuwa ina shugaban 'yan dako a tashar jirgin ƙasa ta Parakou. Dilar auduga ce ta suɓuce ta faɗo mini a gwiwar dama. Likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara lanƙwasuwa kamar da ba, kamfani kuma ya ce babu diyya sai mutumin inshora ya gani da idonsa. In ya ce lafiyata ƙalau, ba diyya, ga shi ba na iya aiki, ga iyali.

Ni mutum ne mai son tsari. Na shirya komai: da farko zan zauna a kujera in miƙe ƙafar, sannan in nuna masa tabon, daga ƙarshe in yi masa bayani. (Har sai da na gwada a gaban maiɗakina, na hana ta dariya.)

Ya iso da jakarsa da tabarau. Mun gama mataki na ɗaya lafiya.

"Malam, ko kaɗan ba ta lanƙwasuwa?" in ji shi.

"Ko kaɗan."

Ban rufe baki ba na ji sallama. Surukina ne, Alhaji, dillalin shanu, ya taso tun daga Djougou don ya duba ni. A tsarina babu suruki. Amma wa ya taɓa gaida uban matarsa yana ɗare a kujera, ƙafa miƙe tana nuna shi? Kafin hankalina ya yi shawara da gwiwata, na zame na durƙusa har ƙasa.

"Ya jikin, ɗana?"

"Da sauƙi sosai, Baba. Ai na warke."

Na ga alƙalamin mutumin inshora yana gudu a kan takarda. Alhaji kuwa bai san gaisuwa gajera ba. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya ba ni labarin damina a ƙauyen Pélébina, ni ina durƙushe gumi na zuba, ina amsa "madalla".

Da ya ce in tashi, sai gwiwa ta ce ba da ita ba. Na yunƙura, na koma. Na sake yunƙurawa, na kife a kan takalmansa. Haka dattijon nan ya kama ni ta hammata, mutumin inshora ya kama ƙugu, suka ɗaga ni kamar buhun doya. A nan ne mazagin wandona ya kwance. (Zan tsallake wannan matakin. Iyaka dai, duka biyun sun ga tabon, da abin da ba a tambaya ba.)

Mutumin inshora ya goge tabarau ya ce, "Na sha ganin masu ƙaryar ciwo. Yau na ga mai ƙaryar lafiya." Ya soke abin da ya rubuta, ya sake wani. Diyya ta fito.

Sai dai har Alhaji ya bar duniya, duk sanda na shiga zaurensa, ko cike yake da baƙi, yakan ɗaga hannu tun daga nesa: "Tsaya a tsaye, ɗana. Yau ba ni da mataimaki."

Tun daga ranar, duk abin da zan tsara, nakan fara tambayar maiɗakina ko babanta na hanya. Sannan in ƙara ɗaure mazagi.