Ciyawar da Na Sa Aka Cire

Da Baba ya rasu, gonarsa ta can ƙauyenmu a Kano ta faɗo a rabona. Ni kuwa haihuwar unguwar Tandabawi ne a Makka, ban taɓa ganin gero ba sai a buhu. Yayata Hafsa ta ce in ɗan karanci noma kafin in fara ba da umarni. Na ce, "Digiri zan yi don in shuka gero? Noma a jininmu yake!"

Da damina ta yi nisa, Baffa, ƙanin Baba mai kula da gonar, ya turo min bidiyo. Ina shagona a Misfala na hango wani ganye ya yaɗu tsakanin geron. Raina ya ɓaci, na kira shi nan take.

"Baffa, wannan ciyawar fa? A sa 'yan ƙodago su cire ta tas."

"Ɗana, tsaya ka ji..."

"Khalas, ya isa, Baffa! Na gani da idona."

Ya ce, "To, gonarka ce."

Wake ne. Waken da ake shukawa tsakanin gero, wanda mahaifiyarmu Ummi ke jira duk shekara don ƙosan azumi. Baffa kuma bai bar ɗan uwa ko ɗaya bai ba shi labari ba.

Kuskure ɗaya fa! Amma yanzu har dattawan masallacinmu Muhandis suke kirana, wai injiniyan gona. Duk ranar da aka soya ƙosai kuma, sai Hafsa ta turo min faranti ta ce, "Ya Muhandis, a ci ko a cire?"