Injiniya Ndatsu da Hitar Wankan Jego

Duk unguwar Fadikpe babu mai ilimin wutar lantarki kamar Injiniya Ndatsu, kuma wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji. A takarda dai akawun sito ne a wata ma'aikata. Amma a shekarar da aka fara aikin dam ɗin Zungeru an aike shi can ya kai wasiƙa, wani ya ara masa hular kwano, aka ɗauke shi hoto. Ya tafi da safe yana Malam Ndatsu, ya dawo da la'asar yana Injiniya. Tun daga ranar ya cire biro daga aljihun gaba ya sa tasta, ɗan sukundireban nan da ke kawo haske in ya taɓa wuta. Da ita yake zuwa ofis, da ita yake zuwa ɗaurin aure. 'Yan layi suka sa masa Tiransifoma, shi kuwa da ya ji sai ya ɗauka girmamawa ce.

Ana nan matarsa Muniratu ta yi haihuwar fari, 'ya mace. Mahaifiyarta, Hajiya Aishat, ta taso daga Bida don ta tafi da ita gida wankan jego na kwana arba'in, kamar yadda aka saba. Hankalin Ndatsu ya tashi. Tsakani da Allah yana son jaririyar nan, ko minti goma ba ya yi bai leƙa ta ba. Amma faɗin haka bai dace da injiniya ba, sai ya gyara murya ya yi wa surukarsa jawabi.

"Nna, zamanin itace da hayaƙi ya wuce. A gidan nan hita gare mu, mai cin lita hamsin. Da yatsa ɗaya ake tafasa ruwa."

Hajiya ta dubi farin tulun ƙarfen da ke maƙale a bangon banɗaki, ta ce to, za ta zauna ta yi wa 'yarta wankan a nan. A kwana na uku hita ta daina aiki. Tsohuwa ta koma dafa ruwa a risho, buta bayan buta, kafin ta biyar ta tafasa ta farko ta huce. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai gaya wa surukinta cewa in aka wayi gari bayan suna babu ruwan zafi a famfo, da mai jego da jaririya sai Bida.

Maƙwabcinsa Gaiya, wanda ya yi shekara ashirin yana aikin wuta a gidajen mutane, ya ce a bari ya duba. Ndatsu ya gode masa cikin tausayi, ya bayyana masa cewa akwai bambanci tsakanin mai haɗa waya da injiniya.

Sai aka shiga bincike. Ndatsu ya kashe makunni, ya rufe famfon da ke kai wa hitar ruwa, ya tsiyaye na cikinta tas. Ya dangwala tasta nan, ya dangwala can, ya ƙwanƙwasa tulun, ya kara kunne kamar likita. Daga ƙarshe ya sanar da mutanen gida cewa elemen ya mutu, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke zafafa ruwan. Ya kwance shi ya jefar bayan ƙofa, ya sayo sabo ya ɗaura.

A nan ne ilimi ya yi aikinsa. Kowa ya san wuta da ruwa ba sa ga maciji, don haka Injiniya ya kafa ƙa'ida: ba za a saki ruwa ba sai an gwada sabon ƙarfe a bushe an ga lafiyarsa. Ya kunna. Ba a jima ba aka ji ɗan ƙara, ƙauri ya cika gida. Ya ce jabu aka sayar masa. Na biyu ma ya bi sahun ɗan'uwansa, ya ce ƙarfin wutar unguwar ne bai daidaita ba, kuma zai yi magana da mutanensa na Zungeru.

Na uku ya ajiye shi sai ranar suna. Bayan an ci an sha, ya ja manyan baƙi har ƙofar banɗaki, kawunnan Muniratu na gaba.

"Jama'a, abin da za ku gani yanzu shi Turawa ke shekara biyar suna karantawa. A ɗan ja baya."

Aka ja baya. Ya kunna. Ƙaurin ya fi na naman suna isa ko'ina, har wani kawu ya tambaya ko an bar wani abu a kan wuta.

Washegari Hajiya ta fara ɗaure kaya. Da Ndatsu ya ga an naɗe 'yar katifar jaririya, sai ya ba Gaiya izinin dubawa, a ƙarƙashin kulawarsa. Gaiya ya ɗauko tsohon elemen daga bayan ƙofa, ya auna shi, ya mayar da shi mazauninsa. Ya buɗe ruwa har tulun ya cika, ya danna wani ɗan jan maɓalli da zafi ya sa ya tashi tun ranar da hitar ta daina aiki, sannan ya kunna.

"Oga, wannan lafiyarsa ƙalau. Ukun nan kuwa ƙishirwa ta kashe su. Ba a kunna shi sai yana cikin ruwa."

Ndatsu ya ce daman abin da yake shirin gwadawa ke nan.

Kafin a gama loda mota da sallama da maƙwabta ruwa ya yi zafi. Ndatsu ya tara a bokiti ya fito da gudu, tururi na dukan fuskarsa, ya dire shi a bakin ƙofar mota. Muniratu na baya da jaririya a cinya, ta sunkuyar da kai. Hajiya ta miƙo hannu ta tsoma yatsa, ta yi saurin janyewa, ta gyaɗa kai.

"Ya yi zafi kam. Allah ya yi wa Gaiya albarka," in ji ta. "Direba, mu je."