Sadaukin Da Aka Yi Wa Laminatin

Duk wanda bai san Alhaji Jalaluddeen ba a Kazaure, to baƙo ne, ko kuma bai taɓa zuwa taron da ake raba ruwan roba ba. Mutum ne da Allah ya hore wa muƙamai. Katinsa ya cika gaba da baya: ciyaman ɗin kwamitin tsaftar unguwa, uban ƙungiyar masu kiwon zabi, mataimakin sakataren tsofaffin ɗalibai, mai ba da shawara ga wata ƙungiya da ta watse shekara huɗu da suka wuce ba a gaya masa ba. Mutanen unguwa suna ce masa Ciyaman Ko'ina. Yakan amsa da ɗaga hannu, a hankali, kamar mai wucewa a buɗaɗɗiyar mota.

'Yar ƙanwarsa Khairiyya ta dawo daga jami'a da wani wasa. Ana zama a tebur, kowa da takarda da fensir. Kowa ya ƙirƙiri gwarzonsa a takarda, ita kuma ta riƙa ba da labarin duniyar da gwarazan ke yawo a ciki. In gwarzo zai kai sara ko zai yi tsalle, sai mai shi ya jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin. Babbar lamba, an dace. Ƙarama, an sha ƙasa. Ba a sa ko sisi. Doka ɗaya ce mai zafi: gwarzon da ya mutu, nan take ake yaga takardarsa.

Wata takwas suna yi, duk Asabar bayan la'asar, a barandar gidan su Khairiyya, kan wani tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ke rawa da an taɓa shi. Musaddiƙ, malamin lissafi, maharbi ne a wasan. Dinatu nas ce, a wasan ma mai magani ta zaɓa, ta sa mata suna Shatu. Takardar Shatu ta sha rubutu da gogewa har ta yi laushi kamar tsumma. Haladu ne mayaƙin da ke tare musu gaba, sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Gwiwa, saura mako ɗaya su shiga kogon Dodon Dutse. In ba mayaƙi a bakin ƙofa, da Shatu dodon zai fara.

Ana cikin wannan jimami Ciyaman ya shigo gaida ƙanwarsa. Ya saurara na minti ɗaya, ya gano bakin zaren.

"Rashin shugabanci ne ke damun ku," ya ce, ya ja kujerar Haladu ya zauna.

Ba a ce wa kawu tashi. Khairiyya ta yi masa bayani cikin ladabi. Kowane gwarzo yana da mataki shida da zai zuba a sana'arsa. Ana iya haɗa sana'a biyu, in da dalili. Haladu ya zuba biyar a yaƙi, ɗaya a harbi. Sai mayaƙi ya kai mataki na biyar yake iya kai sara biyu a jere, jikinsa kuma ya jure duka.

"Kawu, wanda zai tsare ƙofa kawai muke nema."

"Maigadi kika mayar da ni, Khairiyya? Ni da na shugabanci taro uku a rana ɗaya, ɗaya a Roni, ɗaya a Babura, ɗaya ta waya? Shugaba ba ya tsayawa a fanni ɗaya. Ba ni fom ɗin."

Mako guda ya yi yana gina sadaukinsa. Sana'a shida ce a littafin wasan, mataki shida ne a hannunsa, shi kuwa mutum ne mai adalci: ya ba kowacce ɗaya. Mayaƙi ne, maharbi ne, mai magani ne, mai siddabaru ne. Maroƙi bai yi masa daɗin ji ba, ya mayar da shi Daraktan Yaɗa Labarai. Ɓarawo kuwa ya zama Mai Ba Da Shawara Na Musamman Kan Kayan Jama'a. Ya zaɓi sulke mafi nauyi, saboda shi ne mafi tsada. Da aka zo wajen suna, tawali'u ya hana shi dogon tunani. Ya rubuta Jalaluddeen na Biyu.

Ran Asabar ya zo da takardar a cikin ambulan. An buga ta da kwamfuta, an manna hoton fasfo ɗinsa a kusurwa, an buga hatimin masu kiwon zabi. Sannan an yi mata laminatin, tana ƙyalli kamar takardar shaidar digiri.

"Kawu, da fensir ake cikawa," in ji Khairiyya. "In gwarzo ya ci gaba, sai a goge a ƙara masa."

"Takarda mai muhimmanci ba a barin ta tsirara. Wannan sadauki ya riga ya kammala. Babu abin da za a ƙara masa."

"Wannan gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Musaddiƙ, idonsa a kan tebur.

Aka shiga kogo. Ciyaman ya ce zai laɓaɓa ya duba hanya. Ya jefa ƙwaya, Khairiyya ta duba littafi ta ce sulkensa na ƙara kamar an kifar da kwandon kwanuka, dodo ya farka. Ya ce zai jefa masa wutar siddabaru. Ba a yin siddabaru cikin sulke. Ya ce a miƙo baka. Hannu ɗaya garkuwa, ɗaya mashi. Da ya ga sana'a uku sun tafi, sai ya koma ga wadda ya fi ƙwarewa a kai. Ya miƙe tsaye, ya gyara babbar riga.

"Mai girma Dodo, manyan baƙi, 'yan uwa maza da mata, ba zan ɗauki lokacinku ba."

Bai ɗauka ba kuwa. Mari ɗaya dodo ya yi masa, Jalaluddeen na Biyu ya kwanta a sume da sana'o'insa shida.

Ƙofa ta zama fili. Dodo ya kai wa Shatu duka, ya rage mata numfashi kaɗan. Kwalbar magani ɗaya ce ta rage a jakarta.

"Dinatu, sha abinki ki fita," in ji Musaddiƙ. "Zan ɗauke masa hankali da kibiya."

Ciyaman ya yi gyaran murya. "'Yata, a wace ma'aikata aka taɓa biyan ƙaramin ma'aikaci kafin shugaba?"

Dinatu a Kazaure aka haife ta. Ba ta taɓa shan ruwa babba na kallo ba ta fara miƙa masa ba. Ta dubi takardar Shatu, ta dubi furfurarsa.

"To, Baba. Ga shi."

Sadauki ya farfaɗo. Kowa ya zuba ido, domin ko sara ɗaya ya tsaya ya kai, Shatu za ta samu ta ja jiki ta fice.

"Na wakilta Musaddiƙ ya ci gaba a madadina," in ji Ciyaman. "Zan koma baya in yi tuntuɓa."

Ya jefa ƙwayar gudu. Tebur ya yi rawa, ƙwaya ta gangara ƙasa, ta tsaya a kan biyu. Sulke ya harɗe shi. Dodo ya taka shi ya wuce, bai ma san ya taka mai muƙami ba. Bugu na gaba a kan Shatu ya sauka.

Dinatu ba ta bari kowa ya taɓa takardar ba. Da kanta ta yaga. Ta yi laushi har ba a ji ƙarar yagewarta ba. Ta sa guntayen a jaka, ta ce ba komai, wasa ne, ta tambaya ko akwai sauran zoɓo.

Sai aka zo kan takardar Ciyaman, tunda shi ma takun dodo ya ƙarasa sadaukinsa. Khairiyya ta ja, ta ƙi yagewa. Musaddiƙ ya sa ƙarfi, ta lanƙwashe ta dawo.

"Kun gani?" in ji Ciyaman, fuskarsa fal annuri. "Inganci ke nan. Ku ajiye ta, na baya su yi koyi." Ya duba agogo, ya tafi taron masu zabi.

Asabar ta gaba Dinatu ta zo da sabuwar takarda. Mayaƙiya ta gina, mataki shida duk a yaƙi. Kafin a fara, Musaddiƙ ya ninka takardar Ciyaman gida huɗu da ƙyar, ya durƙusa ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin. Ya girgiza, shiru.

Tun daga ranar ƙwaya ba ta sake gangarowa ƙasa ba. Jalaluddeen na Biyu ya samu aiki ɗaya, kuma har yau bai wakilta kowa ba.